Ranar da Aka Lalata Mana Jirgi da Gangan

Matata ce ta fara yi mini dariya. Ta ce duk mutumin Landan addu'arsa kada jirgi ya tsaya da shi a ƙarƙashin ƙasa, ni kuwa ga ni na tashi tun duku-duku, ranar hutu, cikin sanyin Fabrairu, ina lalube neman safar hannu don in je in shiga jirgin da aka riga aka gaya mini zai mace a cikin rami.

"Kuma ba ko sisi?"

Na ce ba ko sisi.

"To maigida, Allah ya tsare. In an tono ku ka kira ni." Ta ja bargo.

Aikina na ofis ne. Na yi shekaru cikin masu duba takardun biyan kuɗi a ɗaya daga cikin kamfanonin da suka sa hannu a aikin Crossrail, wato sabon layin jirgin ƙasa na Landan da yau ake kira Elizabeth. A kan takarda na san layin nan kamar yunwar cikina. Na san an fara aikin a 2009, na san injuna takwas ne suka haƙa ramuka na tsawon kilomita 42 a ƙarƙashin birnin, na san an gama haƙar a 2015. Abin da ban taɓa yi ba shi ne in taka dandamalinsa da ƙafata. Kuma in faɗi gaskiya, a lokacin ina cike da haushi. Layin da aka ce za a buɗe a Disambar 2018, sai da ya rage 'yan watanni, a watan Agusta, aka fito aka ce ba zai yiwu ba. Kuɗin da aka ƙiyasta fam biliyan 14.8 ya yi ta hawa har ya doshi biliyan 19. Sannan tun watan Mayun 2021 jiragen suka fara kai-da-komo a kan layin babu kowa a ciki, huɗu a awa ɗaya, aka mai da su takwas, aka kai sha biyu. Idan na bi ta tashar Custom House a ƙaramin jirgin DLR, a matse kamar kifin gwangwani, sai in hango su suna wucewa, fitilu tar, kujeru fayau. Wanda ya saba lissafi ba ya ganin jirgi a irin wannan hali, kuɗi yake gani suna tafiya a kan taya. Na sha faɗa a ofis cewa a buɗe kawai, abin da ya ɓaci a gyara ana tafe. Saboda haka da aka aiko da sanarwar neman 'yan sa-kai cikin ma'aikata don atisayen gwaji, ban rubuta sunana don kishin aiki ba. So nake in ga abin da ake ta jan ƙafa a kansa.

A tashar Woolwich aka tara mu. Baƙo kan karanta sunan yadda aka rubuta shi, 'yan gari kuwa Wulij suke cewa, su haɗiye rabin haruffan. Tashar tana cikin filin tsohuwar masana'antar makaman Birtaniya, kuma an yi wa ginshiƙan dandamalinta ɗamara da launukan rundunonin sojan da suka zauna a unguwar. Mun yi ɗaruruwa, kowa da takunkumi saboda korona ba ta gama sakin gari ba. Aka duba sunaye, aka ɗaura mana zare mai launi a wuyan hannu don a san taragon kowa. Wasu daga cikinmu aka ƙara musu da ɗan kati, aka ce kada su nuna wa na kusa da su. Wata mata ta karanta nata ta fara ɗingishi nan take. Wani aka ba shi sandar makafi. Ni da na buɗe nawa sai na yi murmushi a bayan takunkumi: an rubuta cewa ni fasinja ne da ba ya jin Turanci ko kaɗan, kada in bi kowace sanarwa, sai in ma'aikaci ya fahimtar da ni ta wata hanya. Na ce a raina wannan ai an ba kura ajiyar nama. Ina da harshen da zan yini ina yi a ramin nan ba wanda zai tsinci kalma ɗaya.

Gani ya kori ji. Da muka sauka ƙasa, hayaniyar da muka taho da ita ta mutu da kanta. Dandamalin ya zarce mita 200, in ka tsaya a wannan baki wanda ke ɗaya bakin kamar ƙuda yake. Tsakaninka da layin dogo akwai bangon gilashi daga ƙasa har sama, da ƙofofin da ba sa buɗewa sai jirgi ya tsaya daidai da su. Wurin yana ƙamshin sabon abu, siminti da roba da fenti, ba ƙurar nan mai ɗumi da duk wanda ya saba shiga tsofaffin jiragen ƙarƙashin ƙasa na Landan ya sani. Jirgin ya shigo ba ƙara. Tarago tara, a buɗe suke daga farko har ƙarshe, kana iya tafiya a ciki ba ka tura ƙofa ko ɗaya ba. A garin Derby aka ƙera su, an ce kowanne zai ɗauki mutum 1,500. Na zauna a kujera mai launin shunayya, na shafa ta kamar wanda ya sayi sabuwar mota, alhali abin da ya haɗa ni da ita bai wuce lamba a kan takarda ba.

Kusa da ni wani dattijon Bature ya zauna, furfura har gira, da tsohuwar jakar leda a cinya. Kafin mu nutsa ƙarƙashin Kogin Thames ya riga ya gaya mini cewa shekara arba'in ya yi yana aikin sigina, wato na'urorin da ke ba jirgi hanya ko su tsayar da shi, saura masa 'yan watanni ya yi ritaya. Tun da ba a busa usur ɗin fara atisaye ba, na ga ba laifi in yi masa Turanci. Na tambaye shi abin da ke cina.

"Baba, wata tara ke nan jiragen nan suna yawo ba kowa. Me kuma ya rage da ba a gwada ba?"

Ya ce, "Samari, wancan gwajin ƙarfe ne. An ga jirgi yana tafiya, yana tsayawa, yana bin jadawali. Tun watan Nuwamba aka shiga wani babi. Yanzu ana so a ga abin da mutane za su yi in ƙarfen ya ƙi."

Ya ce an tsara yanayi fiye da 150, za a bi su ɗaya bayan ɗaya. Fasinja ya faɗi sumamme a cikin tarago. Sigina ta ɗauke. An tsinci jakar da ba mai ita. Ƙofar gilashi ta ƙi buɗewa. Matakala mai tafiya ta tsaya cik ana tsakiyar cunkoso. Yawancinsu ma'aikata ne kawai ke yi, tare da 'yan kwana-kwana da 'yan sandan jiragen ƙasa da masu motar asibiti. Kaɗan ne ke buƙatar taron jama'a irin namu, domin kwashe mutum goma daga jirgi ba ya nuna maka komai game da kwashe ɗari biyar.

Muna cikin haka jirgin ya ratsa ramin Connaught, tsohon rami tun na 1878 da aka yashe aka faɗaɗa aka sake amfani da shi, ya ɓullo cikin hasken rana a Custom House. Na hango dandamalin DLR inda nake tsayawa ina harararsu. Yau ni ne a ciki, wani yana can yana hararata. Muka sake nutsewa, Canary Wharf, Whitechapel, duk tashoshin a haske, ma'aikata a tsaye cikin kayan aiki suna kallon jirgi kamar da gaske.

A nan dattijon ya buɗe mini abin da na yi shekaru ina biyan kuɗinsa ban gane ba. Ya ce haƙa rami, duk da girmansa, aiki ne da ɗan Adam ya daɗe da sani. A Tottenham Court Road injin haƙa ya wuce tsakanin wani tsohon ramin jirgi da matakala, ratar da ke tsakaninsa da kowannensu ba ta kai mita ɗaya ba, kuma jama'a na sama suna harkarsu ba su ji komai ba. Wahalar tana mahaɗa. Jirgi ɗaya ne, amma dole ya iya yaren sigina uku: wanda ke tuƙa shi da kansa a tsakiyar birni direba yana sa ido, da tsohon tsarin da ake amfani da shi a manyan layukan gabas da yamma, da na Turai da ke reshen filin jirgin sama na Heathrow. A kan iyakar kowane biyu sai jirgin ya sauya harshe yana cikin gudu, in ya yi tuntuɓe a sauyin sai ya taka birki da kansa. Ga ƙofofin gilashi da dole su yi magana da ƙofofin jirgi, ga fankokin fitar da hayaƙi, ga ƙararrawar gobara, ga kyamarori, kowanne kamfani daban ya yi shi, kowanne ya kawo takardar cewa nasa lafiya lau. Ya dube ni ya ce, "Ku a ofis kuna biyan kowa da ya kawo takardar kammalawa. Wa ke kawo muku takardar cewa sun jitu da juna?"

Ban ba shi amsa ba, don ba ni da ita.

Mun bar Liverpool Street ke nan, jirgin ya fara rage gudu a inda babu tasha. Ya ja, ya ja, ya tsaya. Duk da cewa kowa ya san abin da ya kawo shi, sai da taragon ya yi tsit. Ta taga ba abin da kake gani sai bangon siminti mai lanƙwasa da igiyoyin wuta jere kamar jijiyoyi. Muryar direba ta fito ta lasifika, a nutse, ya ce jirgi ya samu matsala, a zauna, zai dawo da bayani.

Daga nan sai jira. Kuma wannan jiran shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai cikin tafiyar duka, fiye da tafiyar ƙafar da ta biyo baya. Na duba agogo sau uku ina zaton an yi rabin awa, ashe minti goma ba a cika ba. Ba ka ganin kowa yana yin komai, sai zuciya ta fara raya maka cewa an manta da ku. Dattijon yana ta yi mini raɗa, yana ƙirga abin da ke faruwa a inda ido ba ya kaiwa. Direba ya kira ɗakin kula da zirga-zirga da ke Romford. Su za su tsayar da duk jirgin da ke bayanmu, su tabbatar ya tsaya, ba wai su yi zato ba. Za a yanke shawara ko jirgin zai gyaru, ko wani zai zo ya ja shi, ko kuwa sai an sauke mutane, wanda shi ne zaɓi na ƙarshe. Za a kira tashar da ke gaba su shirya karɓarmu, a kira 'yan kwana-kwana, a san ta wace ƙofa za su shiga ginin da yawancinsu ba su taɓa shiga ba. Kowane saƙo sai an maimaita shi ga wanda ya faɗa, kalma da kalma. Ya ce abin da ake aunawa da agogo yau ba saurin ƙafarmu ba ne kaɗai, har da tsawon lokacin da waɗannan maganganu ke ci.

Direban kuwa bai bar mu ba. Bayan 'yan mintoci sai ya sake magana, ko da ba shi da sabon labari, ya ce har yanzu ana aiki, yana nan tare da mu. Na ce wa dattijon wannan ai surutu ne kawai. Ya girgiza kai. Ya tuna mini da abin da ya faru a Lewisham a watan Maris na 2018, lokacin dusar ƙanƙara, inda jirage suka maƙale sa'o'i, mutane suka gaji suka buɗe ƙofa da kansu suka diro kan layin da ke ɗauke da wutar lantarki. Dole aka kashe wutar, sai jiragen da ke baya su ma suka maƙale, matsalar jirgi ɗaya ta zama ta jirage da yawa. Ya ce mutum yana iya jure zama, abin da ba ya jurewa shi ne shiru.

Can sai sanarwar da ake jira ta zo: za a sauke mu, a tashi a nutse, a nufi gaban jirgi, a bar manyan kaya. Kowa ya miƙe. Ni ma na miƙe, na gyara jakata, na shiga layi har na yi taku biyar ko shida. Sai na ji an ja mini hannun riga. Dattijon ne, ya ga katin da ke leƙowa daga aljihuna tun ɗazu.

"Ba kai ne ba ka jin Turanci ba?"

Kunya ta rufe ni. Aiki ɗaya tak aka ba ni, na kasa. Wani mai riga ruwan lemo da ke tsaye a lungu da takarda a kan ɗan allo ya dube ni, ya yi rubutu. Na koma kujerata sumui-sumui na zauna, na ɗaure fuska.

Taragon ya kusa zama wayam kafin wata ma'aikaciya ta iso kaina, yarinya ce da ba za ta wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, da oba-oba a kafaɗa. Ta ce, "Yallaɓai, sai ka taso, za mu fita." Na dube ta na ce da Hausa, "'Yata, lafiya? Ina mutane za su? Ni ba nan zan sauka ba." Ta maimaita maganarta da ƙarfi, kamar yadda kowa ke yi in ya haɗu da wanda ba ya jin yarensa, sai ka ce kurumta ce matsalar. Na ƙara da cewa, "Na biya kuɗina, ba inda za ni, waje duhu ne." Na riƙe ƙarfen kujera gam. Na ga idonta ya yi rau-rau na ɗan lokaci, ta waiga ko akwai mai taimako, babu. Sai ta yi abin da ban zata ba. Ta daina magana ɗungurungum. Ta durƙusa har fuskarta ta zo daidai da tawa, ta nuna jirgin ta gicciye hannuwanta alamar ya mutu, ta nuna kanta, ta nuna ni, ta tafiyar da yatsu biyu a kan tafin hannunta. Sannan ta miƙo mini hannu ta bar shi a miƙe, ba ta ja ni ba. Ko da gaske ne ba na jin Turanci, da na bi ta. Na tashi.

A gefen ramin akwai siririyar hanya da aka gina daidai da tsayin ƙofar jirgi, da ƙarfen riƙewa a jikin bango da fitilu jere. Mutum ɗaya take ci, ba a jerawa biyu. Da ka fito daga jirgin sai iskar ramin ta buge ka, mai sanyi, mai warin danshi. Faɗin ramin ya ɗan haura mita shida, amma da jirgi a cikinsa sai ka ji kamar kana bin lungu tsakanin katanga biyu. Bayan mun wuce kan jirgin, sai fili ya buɗe a gefe ɗaya, layin dogo yana can ƙasa yana ƙyalli. Ba a jin komai sai takun ɗaruruwan takalma da amsa-kuwwarsu. Na lura da wani abu: layin mutane ba ya tafiya da saurin matsakaicin mutum, da saurin mafi rauni yake tafiya. Matar nan mai ɗingishin ƙarya tana gabanmu da mutum ashirin, kuma ta riƙe aikinta da gaske ba kamar ni ba, don haka duk wanda ke bayanta ya zama gurgu. In wani ya tsaya ɗaukar hoto, mutum ɗari sun tsaya. Can gaba 'yan kwana-kwana suna fama da mai keken guragu, suna tattaunawa a kan yadda za su juya shi a wani wuri mai kwana, ɗaya yana cewa a ɗaga ta nan, ɗaya yana cewa a'a. Sun warware, amma sai da suka ɗan ɗauki lokaci, mai allon rubutu yana bayansu yana duba agogo. Irin wannan gardama gara a yi ta yau da wasa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Haske ya fara bayyana a gaba, muka hau 'yan matakala, muka ɓullo ta wata ƙaramar ƙofa a ƙarshen dandamalin Farringdon. Ana ƙirga mu ɗaya-ɗaya, domin adadin da ya shiga jirgi a Wulij dole shi ne zai fito a nan. A saman kanmu, a dandalin Charterhouse, masu haƙar layin nan suka tono ƙasusuwan mutanen da annobar ƙarni na 14 ta kashe. Na tuna maganar matata ta a tono mu, na yi dariya ni kaɗai.

Aka raba mana takardar tambayoyi. Ka ji sanarwa sosai? Ka ga alamun hanya? A ina ka rikice? Ka ji tsoro? Na cike tawa da gaskiya, har da laifina. Da na miƙa wa mai rigar ruwan lemo, na ba shi haƙuri cewa na ɓata musu gwaji. Ya ce ban ɓata komai ba, abin da na yi shi ne babbar matsalar duk wani atisaye. Ɗan sa-kai ya yi barci ya ƙoshi, ya san abin da zai faru, ba ya sauri zuwa ko'ina, ba ya ɗauke da jariri, bai sha komai ba, kuma yana son abin ya yi kyau. Ko an ce ya yi taurin kai, da ya ji umarni sai ya bi. Fasinjan gaske kuwa ya makara, wayarsa ta mutu, kunnensa a toshe da waƙa, kuma ba zai bar akwatinsa ba ko sama da ƙasa za su haɗe. Ya ce duk lokacin da suka auna da mu, sun san na ranar gaske zai fi shi.

Dattijon, da muke hawa matakala mai tafiya zuwa waje, ya kawo misalin da kowane ma'aikacin sufuri a ƙasar ke riƙe da shi kamar tabo. Sabon ginin Heathrow na biyar, da aka buɗe a watan Maris na 2008, shi ma an yi masa gwaji da dubban 'yan sa-kai. Ranar buɗewa ma'aikata suka sha wahalar samun wurin ajiye mota, suka maƙale a layin bincike, wasu ba su san lungunan ginin ba, jakunkuna suka taru dubbai, aka soke ɗaruruwan jirage cikin 'yan kwanaki. Ya ce an gwada yadda fasinja zai shiga, ba a gwada sosai yadda mai yi wa fasinja aiki zai iso bakin aikinsa ba. Muka yi musabaha a bakin titi, ya saɓa jakarsa ta leda ya nufi tashar bas. Ban sake ganinsa ba.

Bayan manyan atisayen, jiragen suka koma yawonsu ba kowa, wannan karon bisa cikakken jadawali kamar an buɗe, ana ƙirga sau nawa aka makara da kuma dalili. Na ci gaba da ganinsu daga Custom House, sai dai hararar ta ragu. Sarauniya Elizabeth ta je Paddington ranar 17 ga Mayu, 2022, aka buɗe wa jama'a ranar 24. Abin da ya burge ni shi ne yawan abin da aka yarda a bari a baya. Tashar Bond Street ba ta shirya ba, aka ce jirgi ya riƙa wuce ta, sai a Oktoba ta buɗe. Ba a haɗa layin daga gabas zuwa yamma a tashi ɗaya ba, an fara da tsakiya kaɗai, Paddington zuwa Abbey Wood, jirgi sha biyu a awa, ranar Lahadi a rufe don a ci gaba da gwaji da sabunta manhaja. Sai a Nuwamba aka haɗa sassan, cikakken jadawali mai jirgi 24 a awa kuwa sai Mayun 2023. Kuma a safiyar buɗewar, ƙararrawar gobara ta kaɗa a Paddington, aka fitar da jama'a, aka duba, aka mai da su, jirage suka ci gaba. 'Yan jarida sun yi ta tsokana. Ni da na karanta labarin, yarinyar nan mai oba-oba na tuna, na ce wannan ai sun sha yi.

A ƙarshen shekarar ne rahoton binciken layin jirgin ƙasa na birnin Ottawa na Kanada ya fito, na karanta shi da idon wanda ya taɓa tafiya a rami. Su ma sun yi gwaji kafin buɗewa a Satumbar 2019. Sharaɗin shi ne jirage su yi kwana 12 suna cin jarrabawa. Da aka ga ba sa ci, maimakon a ƙara lokaci sai aka sassauta jarrabawar, makin da ake nema ya sauko daga kashi 98 zuwa 96, aka ce kwana 9 cikin 12 ya wadatar. Aka buɗe. Cikin 'yan makonni ƙofofi suka fara maƙalewa, sau da yawa saboda fasinjoji suna tare su da hannu, abin da ɗan sa-kai mai ladabi ba zai taɓa yi ba. A 2021 jirgi ya sauka daga kan layi sau biyu, na biyun ya rufe layin kusan wata biyu. Abin da na yi ta faɗa a ofis, a buɗe a gyara ana tafe, ga wasu sun yi shi.

Ban ce haushina na farko ba shi da tushe ba. Shekara uku da rabi na jinkiri da ƙarin biliyoyi ba abin yabo ba ne, kuma har gobe in na tuna lambobin sai cikina ya juya. Amma na gane na ɗora laifin a inda ba nan yake ba. Ba watannin gwaji ne suka cinye kuɗin ba. Ofishin binciken kuɗin gwamnati ya nuna a 2019 cewa nacewa a kan ranar Disambar 2018, bayan alamu sun nuna ba za ta yiwu ba, ita ta sa aka yi ta cusa ayyuka a kan juna, kuɗi suka yi ta tashi. Tun a Nuwambar 2017 wata taransifoma ta fashe a Pudding Mill Lane lokacin da aka zo kunna wuta, gwajin jirage ya ja baya da watanni, amma ranar buɗewa ba ta motsa ba. Gini in ya makara, ranar biki kuma an kafe ta, lokacin gwaji ne ke tsakiya, shi ake matsewa, don shi ne ba a ganinsa a hoto.

Da aka yi hutun makaranta na ɗauki 'yata muka shiga daga Wulij, na yi mata alkawarin nuna mata inda babanta ya yi tafiyar ƙafa a ƙarƙashin Landan. Jirgin cike yake maƙil. A Whitechapel wani mutum ya taho a guje da akwati biyu, ya cusa ɗaya tsakanin ƙofofi suna rufewa, suka koma suka buɗe, ya shigo yana haki, ko kallon ma'aikacin da ke yi masa magana bai yi ba. Da muka bar Liverpool Street na ɗaga ta na manna fuskarta da gilashi, na ce ta sa ido, za ta ga ƙarfen riƙewa da fitilu a jikin bango.

"Baba, ina? Ni duhu kawai nake gani."

Na buɗe baki zan ce ga shi nan, sai hasken Farringdon ya cika tagar.